Goɗiyar Baba da Inuwar Mangwaro

Baba ya rasu ranar Talata da hantsi, cikin bazara, lokacin da mangwaro ya fara nuna. Bai yi doguwar jinya ba. Kwana huɗu ya yi a kwance ana cewa zazzaɓi ne. A rana ta biyar ya ce a ɗaga shi, ya sha rabin kofin kunu, ya tambaya ko an jiƙa wa goɗiya dusa. Aka ce an jiƙa. Ya koma ya kwanta, shi ke nan. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Na Allah muke, wurinsa za mu koma, Baba dai ya riga mu tafiya ne.

Ni ce 'yarsa ta uku, ina koyarwa a wata firamare a cikin Mubi. Ina rubuta wannan ne saboda jikokinsa. Nan da 'yan shekaru abin da za a riƙa ce musu kawai shi ne kakansu mai doki ne a Lamorde, ni kuwa wannan bai ishe ni ba.

Goggo, ƙanwarsa da ke aure a Maiha, ita ta fara isowa daga nesa. Tun daga bakin titi ake jin kukanta. Ta shigo ta zube a tsakar gida, aka yi ta ba ta baki, da ta tashi kuma ta tambaya wace marar hannu ce ta dafa wannan shinkafar da ta caɓe. Manoman Gella, waɗanda gonakinsu ke maƙwabtaka da tasa, bas guda suka cika. Masu amalanken jaki ma sun zo su bakwai, da ƙurar siminti a jikinsu. Babbansu ya riƙe hannun Yaya, wato babban wanmu da ke aiki a Yola, ya ce, “Allah ya jiƙansa. To yanzu in jakinmu ya ɗingisa, ina za mu kai shi?” Yaya ya ji haushin maganar. Ni da aka kawo mini labarin cikin gida, sai na ga duk ranar babu wanda ya yi gaisuwar da ta fi wannan gaskiya.

Akwai kuma amininsa, tsohon malamin dabbobi, Kirista, mutumin Michika, wanda Baba ke kira Mai Allura. Matarsa ta shigo ta riƙe hannun Inna, mahaifiyarmu, ta ce, “Allah ya ta'azantar da ku,” suka rungume juna. Shi kuwa aka ba shi kujerar roba a gefen tabarmi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Inda aka shimfiɗa tabarmin nan, nan matsalar ta faro. A ƙofar gidanmu mangwaro ɗaya ne, babba, kuma shi kaɗai ne inuwar kirki a wajen. Shekara goma sha ɗaya inuwar nan ta goɗiyar Baba ce, turkenta na nan a gindinsa. Da jama'a suka cika, Yaya ya sa aka kwance ta aka kai ta bayan rumbu, filin da muke shanya gyaɗa, inda ko ganye ɗaya babu. Akwai wani ƙyallen gidan sauro da ke rataye a ragamarta yana rufe mata hanci. Yaya ya ce manyan baƙi za su zo, bai kamata su ga doki da tsumma a fuska ba. Ya tsinke shi ya jefar.

Da la'asar wata maƙwabciyarmu ta shigo ɗakin Inna tana share ido. “Wayyo, ku je ku ga goɗiyar nan! Sai kaɗa kai take, hawaye na zubo mata. Dabba ma ta san an yi rashi.” Mata suka ɗauki salati. Wasu har fita suka yi suka leƙo ta katanga, suka dawo suna kuka sabo.

Bari in faɗi laifina tun da wuri. Na san abin da ke kaɗa kan goɗiyar nan. Duk gidan, in an cire Inna, babu wanda ya san shi kamar ni. Amma wallahi maganar ta yi mini daɗi. Ina so a ce har dabba ta yi kukan ubana. Inna ta ɗago ta dube ni, na sunkuyar da kai.

Washegari labari ya canja. Ta goga hanci a jikin turke har ya yi jini, tana ɗaga ƙafar gaba tana dukan fuskarta, kuma saura kaɗan ta make wani da ya kai mata ruwa. Masu cewa kuka take suka koma cewa iska ta shige ta. Da yamma Baffa, ƙanin Baba, wanda yanzu shi ne babba a gidan, ya aiko da saƙo ciki. Gobe da an shafa addu'ar uku za a yi mata lalas, wato a sa ƙarfe a wuta ya yi ja a ɗora mata a inda ake zaton ciwon yake. In bai yi ba, a kira masu sayen dawaki suna lodawa a babbar mota zuwa kudu. Kowa ya san dokin da ya hau motar nan ba don a hau shi ake kai shi ba.

Na kira Yaya a waya, ga shi katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na ce, “Yaya, a mayar da ita inuwa, don Allah.”

Ya ce, “In tashi liman daga inuwa in ɗaure doki? Kina da hankali kuwa? Ki bari a yi uku.” Ya kashe.

Yaya ba mugu ba ne. Ya bar gida tun kafin goɗiyar nan ta fara ciwo, kuma in ya zo hutu da sassafe yake fita gaishe-gaishe, sai dare. Bai ga abin da muka gani ba.

Baba manomi ne, gyaɗa da masara da wake. Gonarsa na gindin dutse ta wajen Gella, inda mota ba ta kaiwa, shi ya sa tun yana saurayi bai taɓa zama babu doki ba. Gajere ne, mai saurin fushi, mai saurin hucewa. Da Inna yaren Gude yake yi, a kasuwa Fulatanci, mu 'ya'ya kuwa Hausa, irin tasa, wadda mace da namiji duk “shi” ne. Mun yi masa gyara mun gaji. In aka kawo masa dabba ba lafiya, sai ya fara gaida dabbar kafin mai ita, kuma mutane da yawa sun ji haushin haka. Ba ya taɓa ta nan da nan. Zai samu dutse ya zauna, ya ɓare goro, ya yi ta kallonta har goron ya ƙare. Sannan ya yi tambayoyinsa guda biyu da ba sa canjawa: “Yaushe ya fara? Kafin ya fara, me ya faru?” Yana da ƙarfen lalas da ya gada wurin ubansa, kuma a da an san shi da shi har Maiha.

Goɗiyar ja ce mai farin goshi. Shekara biyu ta yi a hannunsa lafiya lau. A bazara ta uku, suna dawowa daga gona da rana tsaka, ta fara fizgar kai sama da ƙasa kamar ƙuda ya shige mata hanci. Tana atishawa, tana hura hanci, tana neman abin da za ta goga fuska a jiki. Baba ya sauka ya duba, babu ƙuda. Washegari haka, jibi haka, har ta kai ranar da ta kayar da shi a bakin mayo, wato rafi, ya dawo gida da ƙafa, yana ɗingishi yana janta.

Mai Allura ya zo da jakarsa. Ya buɗe mata baki ya bi haƙora ɗaya bayan ɗaya, ya haska kunne da hanci da tocila, ya duba ido, ya ba da maganin tsutsar ciki ko da a ce. Sau uku yana dawowa. A na ukun ya rufe jaka ya ce, “Ban ga komai ba. Ina zaton jijiyar fuska ce take kai mata zafi alhali babu rauni. Na karanta irinsa, amma su ma masu rubutun ba su san abin da ke kawo shi ba.”

Baba ya ce, “Zato? Shekara talatin kana aikin gwamnati, ka kawo mini zato?”

“Shi nake da shi. Ka fi so in yi maka ƙarya?”

Baffa ne ya dage a kan lalas a wancan karon ma. Ya ce ga ƙarfen ubansu a rataye, ana zaune ana kallon dabba tana lalacewa. Ina gida a lokacin, goyon ciki na fari, na ga komai ta ƙofar zaure. Maza huɗu suka kayar da ita. Baba da hannunsa ya ɗora mata ƙarfen a ƙarƙashin idon hagu. Kukan da ta yi ba haniniya ba ce, ban san sunansa ba. Ƙaurin kuwa har yau in ana babbaka kan rago sai na bar wurin.

Ana cikin sakinta sai ga Mai Allura a kan kekensa. Ya dubi fuskarta, ya dubi Baba, ya ce a gaban kowa, “Ka ƙona ta ne don ka gaji da rashin sani. Ita ba abin da ka rage mata.”

Baba ya ce, “Fita mini daga ƙofar gida.”

Mako uku ƙunar ta yi kafin ta warke, Baba na wanke ta safe da yamma yana korar ƙuda. Fizgar kan kuwa tana nan yadda take. Wata biyu ba su yi magana da amininsa ba. Sai wata Lahadi ya sa babbar riga, ya tafi ya tsaya a gindin wata bishiyar maina daura da cocinsu har aka tashi. Matar Mai Allura ce ta ba mu labarin. Ta ce da suka fito Baba ya tako ya ce, “Maganarka ta ranar nan ba daɗi, amma haka yake.” Mijinta ya ce, “To zo mu je mu ci abinci.” Iyakar sulhun ke nan. A makon nan Baba ya kai ƙarfen lalas wurin maƙeri aka lanƙwasa shi ya zama ƙugiyar ciro guga daga rijiya. Har yanzu da ita muke ciro guga.

Daga nan ya koma kan dutsensa da goronsa. Bazara guda da damina guda ya yi yana kallon dabbar nan, har Inna ta ce in da ita yake kallo haka da ta ƙara kyau. A hankali ya gano hanyoyin ciwon. Da asuba lafiyarta ƙalau. Da rana ta ɗaga ta yi haske sosai yake tashi, in gajimare ya rufe sai ya lafa. Iska in ta bugo ta a fuska yana tashi, busasshiyar dusa in ta yi ƙura yana tashi, linzami a baki yana ƙara shi. Sai ya maido turke gindin mangwaro. Daga hantsi zuwa la'asar tana inuwa, ko sama da ƙasa za su haɗe. Gona sai da sassafe ko da yamma liƙis. Ya daina sa mata linzami, ragama kawai. Dusa a jiƙa, harawa a yayyafa mata ruwa. Ya ɗinka mata geza ta tsumma da ke sauko mata kan ido. Duka kuwa, ya ce duk wanda ya ɗaga mata bulala ya nemi wani gidan.

Maganar gidan sauro ita ta koya masa da kanta. Wata rana Inna ta wanke gidan sauro ta shanya a igiya, goɗiyar ta kwance ta shigo tsakar gida da rana tsaka. Inna ta ɗauko muciya za ta kore ta, Baba ya ce, “Tsaya, bar shi.” Ta cusa hanci cikin ragar ta tsaya cik, ga rana tana dukanta, amma kan bai motsa ba. Ranar Baba ya yanki gefen gidan sauron Inna, aka yi faɗan da maƙwabta suka ji, ya ɗaura ƙyallen a ragama yadda zai sauko ya riƙa taɓa mata hanci da leɓe. Da Mai Allura ya gani ya tafa hannu ya ce ai a ƙasashen waje ma haka suke yi, har sayar da irinsa ake yi. Baba ya ce, “Ashe su ma suna da goɗiya mai shiga shanyar mutane.”

Bai taɓa cewa ya warkar da ita ba. In wani ya yaba masa sai ya ce, “Ban warkar da shi ba. Na san inda ciwon yake bi ne, ina tare masa hanya.” Akwai ranakun da inuwa da raga duk ba sa aiki. Mai Allura ya taɓa samo wasu ƙwayoyi da suka taimaka na 'yan watanni, daga baya suka daina. A irin ranakun nan Baba ba ya zuwa ko'ina. Zai tsaya kusa da ita, ya dafa mata wuya, yana cewa, “Sannu, sannu, na gani,” har abin ya wuce.

Ranar da aka zo neman auren autarmu, iyayen mijin sun iso da safe aka shimfiɗa musu a gindin mangwaro, goɗiya na gefe tana cin harawa. Magana ta yi daɗi, hantsi ya dubi ludayi, rana ta fara taɓa ta. Baba ya miƙe tsakiyar zancen sadaki ya ce su ɗaga tabarma. Uban mijin ya zaci wasa ne. Baba ya ce, “Ku kuna da hula, kuna da baki. In rana ya dame ku za ku faɗa. Shi fa?” A jikin katanga aka ƙarasa neman auren, suna fifita da huluna. Inna ta yi kwana biyu ba ta kula shi ba don kunya.

Abin da ya sa na ce na san ciwon nan sosai, ni ma ina da irinsa. Bayan haihuwata ta biyu wani abu ya kama ni a kumatun dama, kamar an jona mini wayar lantarki daga gindin kunne zuwa leɓe. Ya yi daƙiƙa kaɗan ya sake ni, an jima ya dawo. Aka cire mini haƙora biyu lafiyayyu a banza. An ɗauki hoto, an gwada jini, komai lafiya. A makaranta aka fara raɗa cewa aiki ne ba na so. Har maigidana, mutumin kirki, ya fara yi mini wani irin kallo. Na kai inda ni kaina nake tambayar ko ƙirƙira nake yi.

Baba ya zo gidana wata Juma'a. Bai ce ya jiki ba. Ya zauna a kan turmi ya ɓare goro, ya yi ta kallona ina aikace-aikacena. Da abin ya fizge ni na dafe kunci, ya ce, “Yaushe yake farawa? Kafin ya fara, me ya faru?” Muka zauna muka jero su: ruwan sanyi wajen alwalar asuba, iskar da ke bugun fuska in na shiga keke napep, fanka, tauna ta ɓangaren dama. Ya gyaɗa kai ya ce, “Naki ma irin nasa ne.”

Na ce, “Haba Baba, da goɗiya kake haɗa ni?”

Ya ce, “Shi bai yi mini gardama ba.”

Ya ce in riƙa ɗumama ruwan alwala, in ja mayafi in rufe kunci a cikin keke, in kuma je babban asibiti a Yola in ce wa likita ya duba maganar jijiya. Na je, likita ya tabbatar, ya ɗora ni a kan ƙwayoyin da har yau nake sha. Amma abin da ya ɗaga ni shi ne maganar da ya yi wa maigidana a zaure, ina ji daga ciki. Ya ce, “Ni ban ga ciwon ba, kai ma ba ka gani ba. Amma shi yana ji. Wannan ya ishe mu.” Ranar na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

To ga ni nan, ni da aka yi wa haka, na bar dabbarsa kwana biyu a rana don ina jin daɗin a ce tana kukansa.

Ranar uku da hantsi na hangi hayaƙi ta bayan rumbu. Mai lalas ɗin da Baffa ya aika aka ɗauko daga ƙauye ya iso, yana hura gawayi. Na shiga wurin Inna na ce, “Inna, an jefar da ragar.” Tana takaba, ba ta fita, kuma tun ranar Talata maganarta ba ta wuce amin ba. Ta miƙe ta shiga ɗakin Baba, ta kwance gidan sauron da ke kan gadonsa, ta ce in miƙo almakashi.

Goggo ta yi tsalle ta tare ƙofa. “Ke! Kayan mamaci ne. Ba a taɓa ko allura kafin a yi rabo.”

Inna ta ce, “Nawa ne. Aro na ba shi.” Ta sa almakashi ta yanka, daidai faɗin tafin hannu biyu, kamar yadda yake yankawa.

Na ja mayafi na rufe kunci, na fita ta ƙofar baya. Na same ta a bakin turke. Hanci ya kumbura, jini ya bushe, ƙuda sun yanyame shi, kan kuma yana ta fizga ba tsayawa. Mai lalas ya ce, “Hajiya, kar ki matsa, mahaukaciya ce.” Ban kula shi ba. Na zo ta gefe na dafa wuyanta na ce, “Sannu, sannu, na gani.” Sau uku ƙullin yana kuɓuce mini kafin na ɗaura ragar. Na kwance ta, na zagayo da ita ƙofar gida.

Maza sun cika gindin mangwaro har sun tumbatsa, liman na tsakiya a kan buzu, ana shirin fara addu'a. Tunda aka haife ni ban taɓa tsayawa gaban taron maza irin wannan ba. Na yi sallama na ce, “Baffa, iyayena, ku gafarce ni. Ku ɗaga tabarmi.”

Baffa ya ce, “Ke! Wa ya fito da ke? Koma ciki!”

Yaya ya taso yana zare mini ido. Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, “Ku kuna da hula, kuna da baki. In rana ta dame ku za ku faɗa. Ita fa?”

Ragama na ta ƙara, kan na fizga. Mai Allura ne ya fara miƙewa. Ya ɗauki kujerarsa ya kai tsakiyar rana ya ajiye, ya sa hularsa, ya zauna. Daga can ya ce wa Baffa, “Ni na duba dabbar nan na kasa. Ɗan'uwanka ya ƙona ta sau ɗaya, kana wurin, ga tabon nan a ƙarƙashin idonta. Me ya rage mata?”

Sai surukinmu, uban mijin auta, ya yi 'yar dariya ya naɗe tabarmarsa. Ya ce, “Ni an taɓa tashina daga nan, na san hanya.” Manoman Gella suka bi shi, masu amalanke suka bi su. Liman ya ɗaga buzunsa ya ce a rana ma Allah yana ji. Aka bar Baffa shi kaɗai a zaune. Da ya tashi ya nuna ni da carbi ya ce, “In aka shafa fatiha tana nan tana haukan nan, ƙarfe na wuta. Kin ji na gaya miki.”

Na ɗaure ta a turkenta na tsaya riƙe da wuyanta. Aka fara addu'a, mutum fiye da ɗari a cikin ranar bazara, gumi na tsiyaya. Da farko babu abin da ya canja, kan na ta fizga, ni kuma kuncina ya fara yi mini gargaɗi. Na san ba nan take yake lafawa ba, amma Baffa bai sani ba, kuma bayan kwana biyu a rana ni ma ban da tabbas. Liman ya yi wa Baba addu'a, ya yi wa iyayen Baba, ya yi wa kakanni, ya yi wa unguwa da gari da ƙasa, ya roƙi damina mai albarka, ya dawo kan Baba. Ban taɓa jin ya ja addu'a haka ba, kuma na ga yana satar kallonmu ta tsakanin yatsu. A hankali tazarar ta fara buɗewa. Fizga, sai shiru, sai fizga ƙarama. Jijiyoyin wuyanta suka saki a ƙarƙashin hannuna. Kafin a shafa ta sauke kai ta ja harawar da ta rage a gindin bishiya tun ranar Talata.

Baffa ya tako ya tsaya yana kallonta. Ta fizga sau ɗaya, ya dube ni, na dube shi. Ta koma kan harawarta. Ya ɗauki butar da ke kusa, ya zagaya bayan rumbu, muka ji ƙarar ruwa a kan garwashi. Muka ji yana cewa a zuba wa baƙon nan abinci kafin ya koma.

Wani dattijo daga cikin jama'a ya ce, “Allahu akbar, ta haƙura. Addu'a ta sanyaya mata zuciya.” Mutane suka amsa. Ban gyara masa ba. Amma nan kukan da na kasa yi tun ranar Talata ya zo mini, a gaban maza, fuskata a jikin wuyan goɗiya. Kwana biyu dabbar nan tana cikin azaba a gaban idon jama'a, kowa na fassara ta yadda ya ga dama, har da ni. Mutum ɗaya ne da zai duba sau ɗaya ya ce a kai ta inuwa, kuma shi muka binne. A wurin nan na san Baba ya rasu.

Yaya ya koma Yola, amma kafin ya tafi ya sayo sabon gidan sauro ya ajiye wa Inna. Goɗiyar na nan, ba ta warke ba, kuma ba na jin za ta warke. Baffa ne ke zuwa da hantsi ya ɗaure ta, yana mita cewa an bar masa wahala. Ragar kullum a karkace yake ɗaura ta, Inna na gyara masa da baki daga cikin zaure. Ranar Lahadi da yamma Mai Allura yakan biyo ya zauna a kan dutsen nan, ba ya daɗewa.

Allah ya jiƙan Baba. Allah ya yafe masa lalas ɗin nan guda ɗaya da bai taɓa yafe wa kansa ba. Ranar da za a sauko da rana kusa da kawunan mutane, babu hular da za ta yi amfani, Allah ya sa shi a inuwa.